Ina Kuɗin Masu Kyauta Ke Shiga? Fashin Baƙi Kan Gudummawa da Tallafin da Ake Ba Jami'o'i

Idan da gaske attajirai da gidauniyoyin ƙasashen waje suna zuba wa jami'o'i biliyoyi, me ya sa kuma ake ƙara wa ɗalibai kuɗin rajista? Wannan tambaya ta cika gidajen rediyo da majalisun unguwa a 2023, lokacin da jami'o'in tarayya suka yi ta sanar da ƙarin kuɗi ɗaya bayan ɗaya, har da Jami'ar Bayero ta Kano, inda kuɗin wasu sassa ya ninka har ya wuce. Iyaye suka riƙa cewa: ba a nan ne Aliko Dangote ya gina makarantar koyon kasuwanci ta naira biliyan 1.2 ba? Ba a nan ne aka ce Bankin Duniya na kawo miliyoyin daloli ba? Ga allon TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, a jikin kusan kowane sabon gini. To ina kuɗin?

Bayan shekara biyu sai ga irin tambayar ta ɓulla a Amurka. A watan Afrilun 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin bincike na dala biliyan 2.2 da take ba Jami'ar Harvard, jami'ar ta garzaya kotu tana kukan ayyukanta za su tsaya. Mutane suka ce, makarantar da ke da ajiyar dala biliyan 53, wane irin kuka ne wannan?

Ba za a ce babu ɓarna a jami'o'i ba, akwai ta. Amma ko da ma'ajin jami'a waliyyi ne, yawancin kuɗin da ake jin labarinsu ba shi da ikon ɗibarsu ya biya wuta, ko ya rage wa ɗalibi kuɗin rajista. Dalilin haka shi ne abin da ya kamata a warware.

Ba duk abin da ake kira tallafi ne kyauta ba

A bakin jama'a, duk kuɗin da bai fito daga aljihun ɗalibi ba sunansa tallafi. A littafin ma'aji kuwa kowanne da shafinsa da dokarsa.

Akwai kyauta tsantsa, wato mutum ya ɗauki dukiyarsa ya ba makaranta, ko ya yi mata gini ya miƙa makulli. Makarantar kasuwancin da Dangote ya gina a Bayero, wadda aka buɗe a 2018, irin wannan ce. Haka ɗakunan kwanan ɗalibai da gidauniyarsa ta miƙa wa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 2019, haka naira biliyan ɗai-ɗai da gidauniyar Abdussamad Isyaka Rabi'u ta fara raba wa wasu jami'o'i a 2021. Ko irin wannan ma da ƙyar take zuwa babu sharaɗi. Ga kuɗi, amma na gini kaza ne.

Sai tallafin bincike, wanda ya fi kusa da kwangila a kan kyauta. Malamai ne ke zama su rubuta takardar nema: ga matsalar da za mu bincika, ga yadda za mu bi, ga mutanen da za mu ɗauka aiki, ga abin da kowane mataki zai ci. Su shiga gasa da masu nema daga ƙasashe da dama. Idan an dace, sai a sa hannu kan yarjejeniya mai wa'adi, shekara uku ko biyar. Kuɗin ba ya zuwa a dunƙule. Kashi-kashi ake sako shi, kuma ba a sakin na gaba sai an kai rahoton na baya da rasit-rasit ɗinsa. Abin da aka rubuta na sayen sinadaran gwaji ba a karkatar da shi zuwa gyaran rufin aji sai da izini a rubuce, kuma irin wannan izini ba a cika samunsa ba. Wanda ya yi gaban kansa, masu binciken kuɗi za su sa makarantar ta biya daga aljihunta, wataƙila ma a rufe mata ƙofa gaba ɗaya.

TETFund kuwa ba kyautar kowa ba ce, haraji ne. Asalinsa yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta ƙulla da gwamnatin soja a 1992, lokacin Attahiru Jega na shugabancin ƙungiyar. Daga nan aka yi dokar 1993 da ta ɗora wa kamfanoni harajin ilimi na kashi 2 cikin ɗari na ribarsu. A 2011 aka taƙaita asusun ga manyan makarantu kaɗai, daga baya harajin ya hau zuwa kashi 2.5, sannan kashi 3 a 2023. Jami'o'i na ɗaukar rabi, kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi su raba sauran. Kuɗin na gine-gine ne, da kayan aiki, da tura malamai ƙarin karatu, da bincike. Ba a biyan albashi da shi, ba a sayen dizal.

Kuɗin cibiyoyin ƙwarewa, wato cibiyoyin bincike da horarwa da Bankin Duniya ke ɗaukar nauyi a jami'o'i, ya fi kowanne ruɗa mutane. A wurin jami'a tallafi ne, domin ba ita za ta biya ba. A wurin ƙasa kuwa bashi ne mai sauƙin sharaɗi da gwamnatin tarayya ta ciwo, kuma daga baitulmali za a biya shi. Saboda haka mahaifin da ke tambayar ina kuɗin yana da cikakken haƙƙin tambaya, don shi da jikokinsa ne masu biya.

Wakafi: dukiyar da ake gani ba a taɓawa

Dala biliyan 53 ɗin Harvard wakafi ne, kuma Musulmi bai kamata tsarin ya zame masa baƙo ba. Sayyidina Umar ya samu fili a Khaibar, ya nemi shawarar Manzon Allah (SAW), aka nuna masa ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin. Sai ya sharɗanta ba a sayar da filin, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa. Da dukiyar gadonta Fatima al-Fihri ta gina masallacin Ƙarawiyyin a birnin Fas a shekarar 859, wanda ya zama cibiyar karatu har yau, kuma da wakafi Azhar ta yi ƙarnoni tana ciyar da malamai da almajirai. Malaman fiƙihu har ƙa'ida suka kafa cewa sharaɗin mai wakafi ana kiyaye shi kamar nassi.

Haka abin yake a Harvard, sai dai kotu ce ke tsaron sharaɗin. Dukiyar ba asusu guda ba ce, ƙananan asusai ne sama da dubu 14, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari masu bayarwa sun ƙayyade inda za a kashe amfaninsu: wannan na kujerar farfesan lissafi, wancan na ɗaliban da iyayensu ba su da hali, wani na ɗakin karatu. Ana juya dukiyar a kasuwa, a ciri kimanin kashi 5 cikin ɗari duk shekara. A 2024 abin da aka cira ya kai dala biliyan 2.4, wanda ya ɗan haura kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar jami'ar. Sauran daga kuɗin makaranta yake zuwa, da tallafin bincike, da kyautar da ake kashewa nan take. Shi ya sa dakatar da tallafin gwamnati ya taɓa ta duk da arzikinta, kafin wata alƙaliyar tarayya a Boston ta yanke hukunci a Satumban 2025 cewa dakatarwar ta saɓa doka.

Wannan kashi 5 ɗin yana nuna girman abin da ake buƙata. A ƙaddara ɗalibi na biyan naira dubu 100 a shekara. Kafin wakafi ya ɗauke masa wannan har abada, sai an ajiye naira miliyan 2 a madadinsa. Naira biliyan guda, wadda za a yi ta buga labarinta mako guda, amfaninta na shekara naira miliyan 50 ne, wato ɗalibai 500 a makarantar da ke da dubbai masu yawa.

Kuma wannan lissafin ma sai idan kuɗin ya riƙe darajarsa. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ajiye wa jami'a naira biliyan guda a banki, a da dukiyarsa ta fi dala miliyan 2, sai ta koma ƙasa da dala dubu 700 ba tare da kowa ya saci ko kwabo ba. Injinan gwaji da littattafai da sinadarai kuwa da dala ake sayensu. Ga kuma batun kuɗin ruwa, wanda ke sa masu hali da yawa a Arewa ja da baya. Ni a ganina wakafin da ya dace da mu shi ne na kadara: rukunin shaguna, gidajen haya, gona, hannun jari a kamfanoni, ko takardun sukuk, wato na zuba jari bisa tsarin Musulunci, da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017. Haya tana bin tsadar rayuwa, kuɗin ajiya ba ya bi.

Abin da Bayero ta yi da nata rabon

Makarantar da ake kira Bayero a yau ta fara ne a 1960 a matsayin ƙaramar kwaleji a harabar Makarantar Nazarin Larabci ta Kano. Ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da sunan Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama kwalejin jami'a a 1975, sannan cikakkiyar jami'a a 1977. Ba ta daɗe da tsayuwa da ƙafarta ba kuɗin mai ya karye, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya biyo baya. Malamai suka yi ta ficewa, ɗakunan karatu suka daina sayen sababbin mujallu. A wancan zamani manyan masu ba da lamuni na duniya sun karkata ga ra'ayin cewa ƙasashe matalauta su zuba kuɗinsu a firamare, jami'a alatu ce.

A shekarar 2000 iska ta juya. Gidauniyoyi huɗu na Amurka, Carnegie da Ford da MacArthur da Rockefeller, suka haɗa kai don farfaɗo da jami'o'in Afirka, daga baya wasu uku suka shigo. Cikin shekara goma sun kashe dala miliyan 440 a ƙasashe tara. A Najeriya MacArthur ta zaɓi jami'o'i huɗu: Ahmadu Bello, Bayero, Ibadan da Fatakwal.

Abin lura shi ne inda kuɗin ya tafi. Mafi yawansa ba abin da ake yanke ƙyalle a kansa ba ne. An tura matasan malamai yin digirin digirgir, an shimfiɗa wayoyin intanet, an sa kwamfuta a ɗakunan karatu, an kafa ofisoshin da aikinsu shi ne neman gudummawa da bibiyar tsofaffin ɗalibai. Jami'o'in da ke cikin shirin sun haɗa kai suka sayi intanet ta tauraron ɗan'adam a sari, farashin ya sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da suke biya a da. Wanda ya yi karatu a lokacin da malami ke zuwa shagon intanet na cikin gari don ya aika saƙo ɗaya ya san abin da wannan ke nufi.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Cibiyar Binciken Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa. Da tallafin MacArthur aka kafa ta a 2012, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Jibrin M. Jibrin. Bayan shekara biyu ta shiga sahun cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ke ɗaukar nauyi. Tsarin bankin shi ne aiki kafin biya. Sai ka nuna ɗaliban digiri na biyu da na uku da ka ɗauka, nawa ne mata, nawa suka zo daga wasu ƙasashe, bincike nawa ka wallafa, wace hukuma ta tantance kwasa-kwasanka, nawa ka samo da kanka, sannan a sako kuɗi gwargwadon haka. Wannan ne ya sa za ka tarar da ɗalibai daga Nijar da sauran ƙasashen Sahel suna nazarin gero da dawa da ƙasar noma a Kano. Ƙaramin tallafin farko ne ya ba cibiyar ƙafar shiga gasar babba. Haka kuɗin masu bayarwa yake, ya fi son zuwa inda wani ya riga ya je, kuma a nan ne ƙananan jami'o'in jihohi ke shan kashi.

Daga ɗakin haihuwa

Jami'a na da ayyuka uku: koyarwa, bincike, da hidimar al'umma. Gwamnati na biyan albashin masu koyarwa. Na biyu da na uku kuwa kusan duk a wuyan tallafi suke rataye. Ga abin da hakan ke haifarwa idan an dace.

Zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen kashe mata masu juna biyu, kuma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya a Najeriya suke. Wani ɓangare na matsalar shi ne da ido ake ƙiyasta jinin. Ungozoma ta dubi zani da katifa da ƙasa ta ce da sauƙi, kafin a farga mace ta galabaita.

Wani bincike mai suna E-MOTIVE ya gwada wata dabara mai sauƙi. Leda ce ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, ƙasanta na da aljihu mai kama da mazurari, an yi masa layuka da lambobi. Jinin na taruwa a ciki, ungozoma na karanta adadinsa kamar yadda ake karanta sirinji. Da ya kai layin haɗari, ba a jiran a gwada magani ɗaya a ga ko zai yi. A take ake haɗa komai: a murza mahaifa, a ba da allurar da ke sa ta tsuke, a ba da maganin da ke hana jini tsinkewa, a ɗaura ruwa, a duba ko akwai yagewa, a kira babban likita idan abin ya ƙi.

An yi gwajin a asibitoci kusan 80 a Kenya da Najeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya, kusan rabinsu a Najeriya, kan mata sama da dubu 200. Sakamakon da aka fitar a Mayun 2023 ya nuna inda aka yi amfani da ledar an gano kashi 93 cikin ɗari na masu zubar jini, inda ba a yi ba kashi 51. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60. Kafin shekarar ta ƙare Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta shawarwarinta a kan haka.

Gidauniyar Gates ce ta biya kuɗin, Jami'ar Birmingham ta Ingila ta jagoranta. A Najeriya kuwa Farfesa Hadiza Galadanci ta Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Bayero ce ta ja ragama, ita ce kuma daraktar cibiyar ƙwarewa ta biyu da jami'ar ta samu a 2019, mai kula da lafiyar al'umma da tsara manufofi. Babu ɗalibin da aka rage wa kuɗin rajista saboda wannan tallafi. Amma ƙanwarsa da za ta haihu a asibitin da ke amfani da ledar ta ci moriyarsa, kuma matasan likitoci da ma'aikatan jinya da suka yi aikin sun koyi yadda ake gudanar da babban bincike, abin da ba a koyonsa a allo.

Wa zai sayi dizal?

Nan ne gizo ke saƙar. Kowane bincike yana cin abin da ba a rubuta a takardarsa ba: wuta, ruwa, masu gadi, akawun da ke haɗa rasit, kwamitin da ke duba ɗa'ar bincike. Akwai firjin da ake ajiye samfurin jini a sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. Idan aka ɗauke wuta janareta bai tashi ba, aikin shekaru na iya lalacewa a dare ɗaya, kuma za ka ga ma'aikacin ɗakin gwaji yana zarya da jarka da tsakar dare. Wani ne zai biya wannan man.

Masu bayarwa kan ƙara wani kaso a kan tallafi don irin wannan ɗawainiya, kuma rigima ce ta dindindin. Gwamnatin Amurka ta amince wa Harvard kashi 69 cikin ɗari. A Fabrairun 2025 hukumar binciken lafiya ta ƙasar ta yi yunƙurin mayar da kowa kashi 15, jami'o'i suka kai ƙara, kotu ta dakatar. Gidauniyar Gates ba ta wuce kashi 15 ga jami'o'in da ke wajen Amurka. To a ƙasar da wutar gwamnati ba ta tsayawa, kuma a Afrilun 2024 aka ɗaga farashin kowane ma'auni ga 'yan rukunin farko, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga kusan naira 68 zuwa 225, kashi 15 ba ya kai ko'ina. Manyan jami'o'i sun fito suna kukan takardar wuta ta ɗaruruwan miliyoyi a wata. Sakamakon da mutane ba su cika zato ba shi ne, wani lokaci yawan tallafin bincike ƙara wa jami'a nauyi yake yi.

Gini ma haka. Wanda aka ba kyautar doki an yi masa karamci, amma daga ranar harawa da dusa a wuyansa suke. Sabon zaure yana zuwa da na'urorin sanyaya ɗaki da fitilu da banɗakuna, kuma ba a cika jin mai kyauta ya ware wani abu na kula da su ba. Sunan mutum yana zama a goshin gini, ba ya zama a jikin famfon da aka gyara. Shi ya sa za ka iya ganin gini mai ƙyalli, a bayansa ɗalibai na layin ruwa da bokiti.

A hukumance karatu kyauta ne a jami'o'in tarayya, abin da ake karɓa kuɗin hidimomi ne. Gwamnati na biyan albashi, amma abin da take bayarwa na gudanarwa ba ya taka kara ya karya. TETFund ya yi gini ya tafi, mai tallafi ya biya bincikensa ya tafi. Giɓin da ya rage, na wuta da ruwa da shara da tsaro da takardun jarrabawa, shi ne ake juyowa da shi kan ɗalibi.

Akwai kuma tarnaƙin da mu muka ɗaura wa kanmu. Da aka tilasta wa hukumomin gwamnati zuba kuɗinsu a asusun bai-ɗaya a 2015, kuɗin tallafi ma ya faɗa ciki, malamai suka riƙa jiran watanni kafin su taɓa kuɗin da ke da wa'adi. Sai a 2024 gwamnati ta ba da umarnin a cire tallafin bincike daga tsarin.

Mai kuɗi da ra'ayinsa

Masu ɗari-ɗari da tallafin waje suna da hujja, kuma bai kamata a kira su jahilai ba. A 1990 gwamnatin Babangida ta karɓo lamunin dala miliyan 120 daga Bankin Duniya don jami'o'in tarayya, da sharuɗɗan rage ma'aikata da rufe wasu sassa, malamai da ɗalibai suka yi masa ca. Mutanen Kano kuma ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara 200, 11 suka rasu. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. Wancan ba tallafin jami'a ba ne, amma shi ya shuka zargin da har yau kowane mai bincike ke cin karo da shi a ƙauye. Bayansa ne aka tsaurara dokokin ɗa'ar bincike, ta yadda ba a taɓa mutum sai kwamiti ya amince kuma shi ma ya yarda da saninsa.

Damuwar da ta fi wannan zurfi ba ta maƙarƙashiya ba ce. Ita ce wa ke zaɓar abin da za a bincika. Kuɗi yana bin cututtukan da masu bayarwa suka sa a gaba, da noma, da sauyin yanayi. Malamin tarihi, ko na Hausa, ko mai son tattara rubuce-rubucen ajami da ke ruɓewa a zaurukan malamai, zai daɗe bai ga sanarwar da ta dace da shi ba. A hankali sai jami'a ta rabu biyu: sassa masu sola da motoci da tafiye-tafiye, da sassan da ko takardar buga jarrabawa sai an yi karo-karo. Haziƙin malami kuma ya koyi rubuta abin da za a biya, ko da ba shi ne ke ci masa tuwo a ƙwarya ba.

Manyan jami'o'in duniya ma sun sha wannan. A 1995 Jami'ar Yale ta mayar wa attajiri Lee Bass dala miliyan 20 saboda ya nemi a ba shi ta cewa kan malaman da za a ɗauka. A 2011 shugaban Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan ya yi murabus kan alaƙar makarantar da Libiya, ciki har da alƙawarin fam miliyan 1.5 daga gidauniyar Saiful Islam Gaddafi. Namu salon shi ne digirin girmamawa, wanda ya zama kamar tukuicin gudummawa har shugabannin jami'o'i suka taru a Keffi a 2012 suka kafa masa ƙa'idoji, ciki har da hana ba masu riƙe da muƙamin gwamnati.

ASUU na da nata tsoron, cewa duk lokacin da aka yi ta yabon masu kyauta, gwamnati na samun inda za ta fake ta zame daga nauyinta. Masu ɗaya ra'ayin suna cewa jiran gwamnati ne ya kai mu ga yajin aikin wata takwas a 2022, don haka gara a buɗe kowace ƙofa. Ni dai ina ganin 2025 ta raba gardama kan abu ɗaya: da aka rushe hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID, aka kuma sauya dokar tura kuɗin binciken lafiya na Amurka zuwa abokan hulɗa na waje, ayyuka sun tsaya a ƙasashe da dama cikin makonni, ba don sun gaza ba, sai don an yi zaɓe a wata ƙasa. Makarantar da ta jingina albashin ma'aikatanta ko wutarta a kan irin wannan kuɗi tana cikin haɗari.

Abin da ya shafi ɗalibi da iyayensa

Ga mai digirin farko, amfanin tallafi a kaikaice yake zuwa: malamin da ya samu horo, ɗakin gwajin da ke aiki, intanet, da darajar takardar shaida. Mai digiri na biyu ko na uku a cibiyar da ke da tallafi shi ne kan samu kai tsaye, har da kuɗin bincike da na zama.

Abin da ke rage wa iyaye nauyi nan take shi ne kuɗin da aka ware don ɗalibai tun farko. A Agustan 2023 gwamnatin Kano ta amince da naira miliyan 700 don biya wa 'yan jihar dubu 7 rajista a Bayero, 'yan siyasa da ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mutane ma suka biya wa wasu. An share hawaye, amma na zango ɗaya ne, shekara na zagayowa aka koma neman wani. Asusun NELFUND da ya fara aiki a 2024 kuwa bashi ne da ɗalibi zai biya bayan ya kama aiki. A tsakanin waɗannan biyu ne wakafin ɗalibai ya kamata ya zauna, kuma nan ne muka fi rauni. Al'ummar da ke fitar da zakka da sadaka mai yawa haka, har wasu jihohinta na da hukumomin zakka da hubusi, ba ta saba kallon kuɗin makarantar ɗan maƙwabci a matsayin sadaka mai gudana ba. Tsofaffin ɗalibai ma an fi ganinsu ranar taron cin abinci. Sai dai su ma suna da uzuri, domin mutum ba ya sakin kuɗinsa inda ba a nuna masa lissafi.

A nan akwai abubuwa biyu da suka cancanci a sa musu ido. Dokar harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta narkar da harajin ilimi cikin wani haraji guda na kashi 4 cikin ɗari, wanda TETFund zai raba da wasu hukumomi, har da NELFUND. Yadda rabon zai kaya a aikace shi zai nuna ko gine-gine da horar da malamai za su ci gaba kamar da.

Na biyu, a 2025 ma'aikatar ilimi ta umarci manyan makarantun tarayya su riƙa wallafa bayanan kuɗinsu a shafukansu na intanet: kason da suka samu daga kasafi, tallafin bincike na gida da na waje, abin da TETFund ya ba su, darajar asusun wakafinsu, da yawan ɗalibansu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubutawa ya nema, a amsa masa cikin kwana bakwai. Ƙungiyar ɗalibai ko ta iyaye da ke son yin jayayya kan ƙarin kuɗi ta fara da neman lambobi uku: abin da gwamnati ta saki na gudanarwa a shekarar, abin da aka kashe a wuta da dizal, da kason ɗawainiyar da jami'a ta cira daga tallafin bincike da inda ta kai shi.